Amsa ga mai tambaya kan ƙiba da dashen ƙwan wata mace

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin tambaya ko ƙibarki za ta hana dashe kamawa, wato haɗa ƙwai da maniyyi a asibiti a saka a mahaifa, tunda likita ya ce ƙwan wata matashiya za a haɗa, ba naki ba. Irin wannan tambayar na yi wa wani likita a Abuja lokacin da na taso daga nan Katsina, ina da shekara 41, na shekara tara da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba.

Kafin ya ce komai sai da aka ɗora ni a kan sikeli, aka samu kilo 94, tsayina kuma mita 1.62. A bayan katina ya yi lissafin: ya ninka tsayin da kansa, ya raba kilon da abin da ya fito, ya samu kusan 36, alhali daga 30 ake kiran abin ƙiba. Ya bayyana mini cewa ingancin ƙwai yana wuyan mai bayarwa ne, shi ya sa ake neman wadda ba ta haura shekara 35 ba, amma mahaifar da za ta karɓa da jikin da zai yi goyon cikin wata tara duk nawa ne, kuma ƙiba mai yawa tana ƙara haɗarin ɓari, da hawan jini, da ciwon suga na masu ciki, da haihuwa ta tiyata.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali a bayaninsa shi ne, mai amfani da ƙwan wata ba ta tsere da shekaru kamar mai amfani da nata, saboda haka wata shida na rage nauyi ba asara ba ce gare ki.

Ni dai ban karɓi ƙwan ba, domin da maigida ya tuntuɓi malamai sun ce malaman Sunna, tun fatawar Azhar ta 1980, sun halatta dashe ne tsakanin miji da matarsa kaɗai. Ki binciki wannan tun kafin ki biya ko sisi. Da nawa ƙwan aka yi mini, bayan na rage kilo 9: na yanke lemon kwalba da sukarin fura, na mayar da tuwon dare rabin malmala, ina zagaya unguwa da ƙafa bayan sallar asuba. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a WhatsApp kuwa, kwana biyu na sha, zawo kawai ya saka ni, kuma likitan ya hana ni da kakkausar murya.