Shawarar lauya: shuka peyote a tukunya a Maraɗi

Wani mai karatu daga unguwar Ali Ɗan Sofo ya rubuto cewa yana tara kaktus iri-iri, wato tsirran nan masu jure fari, galibinsu masu ƙaya, a tsakar gidansa, kuma wani mai sayarwa a intanet ya yi masa tayin peyote. Yana son sanin ko doka za ta taɓa shi, tunda ado kawai yake so.

Malam, shawarata ita ce kada ka saya.

Peyote, wanda masana ke kira Lophophora williamsii, ɗan ƙaramin kaktus ne marar ƙaya da ke fitowa a arewacin Meziko da kudancin Texas. Matsalarsa sinadarin mescaline da ke jikinsa, mai gusar da hankali. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa mescaline a sahun farko na abubuwan da aka fi tsaurara wa, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da ita. A gida, dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi mai lamba 99-42 ta 23 ga Satumba 1999 ce ke aiki, kuma 'yan sandan OCRTIS, ofishin yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, ne ke bin irin wannan shari'a.

Mai sayarwar zai ce maka yarjejeniyar ba ta ambaci tsiron kansa ba, sinadarin kawai. Gaskiya ne, shi ya sa ƙasashe suka rabu: Kanada ta ƙyale tsiron, Faransa ta haramta shi, Amurka ta haramta shi sai ga 'yan asalin ƙasar masu ibada da shi. Amma wannan hujja ce ta gaban alƙali. Kafin ka kai can, ɗan duwan ko jandarman da ya buɗe ƙunshin a Ɗan Isa, kan iyaka da Najeriya, ya riga ya ƙwace shi, an kai ka komisariya, sunanka ya shiga takarda tare da kalmar ƙwaya. Idan gwaji ya nuna mescaline, mai gabatar da ƙara na iya cewa ka mallaki haramtaccen abu, kuma kyakkyawar niyyarka sassauci kawai za ta nema maka.

Akwai kuma yarjejeniyar CITES kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ɓacewa, wadda ta shafi dangin kaktus. Ko wanda ba ya sa maye galibi yana buƙatar izinin fitarwa daga ƙasar da ya taso, da takardar lafiyar tsirrai.

In ya riga ya iso hannunka, kada ka yanka, kada ka shanya, kada ka ba kowa ko kyauta, domin bayarwa ta fi ajiyewa nauyi a doka. Ka adana rasiti da saƙonnin ciniki, ka je wurin lauya kafin ka je kowane ofis, shi ya rubuta wa hukuma a madadinka. In an kira ka, ka nemi lauyanka, kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba.

Na san ciwon mai tara tsirrai idan aka ce ya haƙura da wanda ransa ke so. Wasu irin kaktus kamar Mammillaria da Gymnocalycium suna fure mai kyau, kuma ma'aikatan gandun daji na Maraɗi za su gaya maka takardun da ake bukata kafin ka aika ko dala.