Ƙarar kunne da ciwon jikin da ya ƙi tafiya: likita ya amsa tambayoyinku

Likita, wani lokaci kunnena yakan yi "ƙiii" na 'yan daƙiƙoƙi sannan ya daina. Akwai matsala?

Babu. Kusan kowa yakan ji wannan. A shekarar 1953 wasu masu bincike a Amurka sun sa mutane 80 masu lafiyayyen ji a ɗakin da sauti ba ya shiga, kashi 94 cikin ɗari suka ce sun ji wata ƙara. Amma idan ta kwana ta wuni, ko jinka ya ragu, ka je a duba ka.

Likita, ni mace ce mai shekara 52. Na daɗe ina fama da ciwon baya da wuya, sai ga kunnuwana sun fara "shuuu" dare da rana. Kullum ina shan dikulofenak, in ciwon ya matsa in haɗa da ibufurofen da asfirin. An ce mini ciwon ne ya hau kai, in na ƙara magani ƙarar za ta kwanta. Na ƙara, abin sai gaba yake yi. Ko dai ƙwaƙwalwata ce ta taɓu?

Sannu da jiki Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Ƙwaƙwalwarki kalau take, kuma ba ke kaɗai ba ce. Wani babban nazari da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 14 cikin ɗari na manya a duniya suna jin ƙarar kunne, wato mutum sama da miliyan 740. Sai dai wanda ya ce ki ƙara magani ya ba ki gurguwar shawara, kuma a nan hankalina ya fi tashi.

Asfirin idan ya yi yawa a jiki shi da kansa yana haddasa ƙarar kunne, likitoci sun daɗe da sanin haka. Ibufurofen da dikulofenak su ma suna iya jawo ta, musamman ga mai shan su kullum. Ke kuwa ukun kike haɗawa, alhali aikinsu iri ɗaya ne: haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illar ce kawai take ninkuwa. Kunne ma shi ne ƙaramin abin. Waɗannan magunguna suna cin bangon ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, suna lalata ƙoda a hankali ba tare da mutum ya ji komai ba, suna kuma tayar da hawan jini. In kin ga bahayarki ta yi baƙi ƙirin, ko kin yi aman jini, ko ƙafafunki sun kumbura, kada ki jira gari ya waye, ki tafi asibiti. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, ki je cikin makon nan a auna miki jini da ƙoda, ki ɗauki kwalayen magungunan duka ki nuna wa likita. (Wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin na miligiram 75 saboda zuciya, ba da shi nake ba, kada ya daina da kansa.)

To, mece ce alaƙar ciwon da ƙarar? Akwai ta, amma ba ciwo ne yake tafiya daga baya ya hau kai ba. Ciwon da ya wuce wata uku, a wurinmu ya zama daɗaɗɗen ciwo, kuma sau da yawa a lokacin wurin da ya ji rauni ya riga ya warke, jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa ne suka saba da kai saƙon ciwo har suka zama ƙaramin abu ma yana tayar da su. Ƙarar kunne ma haka take. Idan ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne suka lalace saboda shekaru ko hayaniya ko magani, saƙon da ke isa ƙwaƙwalwa sai ya ragu, ita kuma sai ta ƙara ƙarfin saurarenta. Kamar rediyo ne da tasha ba ta kamawa sosai: ki murɗa shi sama, shuuu ɗin ne zai cika ɗaki. Babbar shaida ita ce mutumin da aka yanke wa ƙafa amma yana jin yatsun ƙafar suna masa zogi, da kuma wanda aka yanke wa jijiyar ji baki ɗaya amma ƙarar ba ta bar shi ba.

Akwai kuma sassa a gaban ƙwaƙwalwa da aikinsu shi ne tace saƙonni, su danne wanda ba shi da amfani. Wani masanin ƙwaƙwalwa, Josef Rauschecker na Jami'ar Georgetown da ke Amurka, da abokan aikinsa sun yi bayani a 2015 cewa waɗannan sassan ne suke samun rauni a masu ƙarar kunne da masu daɗaɗɗen ciwo baki ɗaya. Shi ya sa ake yawan samun biyun a jikin mutum ɗaya, kuma abin da ke tsananta ɗaya yana tsananta ɗayan: rashin barci, damuwa, fargaba. Daren da ciwo ya hana ki barci, washegari ƙarar takan fi ƙarfi, ƙarar ta sake hana ki barci, ciwon ya ƙaru.

Babu ƙwayar da aka tabbatar tana kashe ƙarar kunne. Duk mai tallar irin wannan a intanet aljihunki yake nema. Abin da ke aiki shi ne a auna jinki, in ya ragu a ba ki na'urar ƙara ji, wadda takan rage ƙarar ga mutane da yawa; masu gashin ƙashi su koya miki motsa wuya da baya; ki riƙa tafiya a ƙasa daidai ƙarfinki maimakon yawan kwanciya; a gyara barcinki. Akwai kuma zama da masanin halayyar ɗan Adam, inda ake koya wa mutum yadda zai daina tsoron ƙarar da sa mata ido. Wasu in na faɗi haka sai su ɓata rai, su ga kamar na ce ƙarya suke yi. Ko kusa. A cikin duk hanyoyin da aka gwada, wannan ce ta fi samun hujja a kan ƙarar, kuma tana taimakawa a kan ciwon ma. Amma dai ki fara da zuwa asibiti saboda ƙodar nan.

Likita, in na cije haƙora ko na juya wuyana sai ƙarar ta canza. Matata ta ce ina tauna haƙora cikin barci, kuma muƙamuƙina yana ciwo da safe.

Malam, naka yana da ɗan daɗin ji. Jijiyoyin muƙamuƙi da na saman wuya suna haɗuwa da na ji a tushen ƙwaƙwalwa, kuma mahaɗar muƙamuƙi tana dab da kunne, sa yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki za ka ji ta. Irin wannan ƙarar takan ragu in aka magance muƙamuƙin. Ka ga likitan haƙori, akwai roba da ake sa wa a baki da dare. Ka rage cin cingam, ka kuma daina duƙar da kai a kan waya awa da awanni.

Likita, mahaifina yana ƙarar kunne, sai muke ɗiga masa mai mai ɗumi da ruwan tafarnuwa, muna kuma share masa da tsinken auduga. Yanzu kunnen yana ruwa.

Haba, don Allah! Ku daina yau ɗin nan. Ƙarar ba wani abu ba ne da ya maƙale a ramin kunne da za a jiƙa a fito da shi. Ruwan tafarnuwa yana ƙona fatar cikin kunne, mai in ya yi zafi haka, tsinke kuma tura datti yake yi ciki, in an yi rashin sa'a ya huda dodon kunne. Ruwan da kuke gani alama ce ta ƙwayoyin cuta sun shiga ko dodon ya fashe. Ku kai Baba wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kuma kada ku sayo maganin ɗigawa da kanku, domin wasunsu, irin masu jentamaisin, in suka ratsa dodon kunnen da ya huje suna iya kurmantar da mutum har abada. In yana da ciwon suga, ko ya fara zazzaɓi, ko bayan kunnen ya kumbura, yau za ku kai shi, ba gobe ba.

Likita, ina shan tiramadol saboda ciwon ƙugu. In na daina sai kunnena ya hau ƙara, jikina ya hau rawa, sai in koma.

Ƙanena, jikinka ya riga ya saba da ƙwayar, abin da kake ji ke nan, ba alamar tana maka magani ba ce. Tiramadol yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma shan irinsa na tsawon lokaci yana iya sa jiki ya ƙara jin ciwo. Kada ka yanke shi rana ɗaya, kada kuma ka ƙara. Ka je asibiti ka faɗi gaskiyar nawa kake sha, a rage maka a hankali. In ƙuncin ya kai ka fara tunanin cutar da kanka, ka gaya wa wani na kusa da kai ya raka ka asibiti a ranar.

Likita, tawa ƙarar tana bugawa daidai da bugun zuciyata.

Wannan daban ce, gudun jini kike ji. Yana iya zama hawan jini, ƙarancin jini, ko matsala a jijiyar jini kusa da kunne. Ki je a auna ki, kada ki ɗaga. In da ciwon kai ko ganinki yana dishi-dishi, ki tafi yau.

Likita, na tashi da safe kunnena na hagu ya toshe, ba na ji da shi, ga ƙara. Kwana uku ke nan. In jira ya buɗe?

A'a, kada ka jira. Yana iya zama datti ne kawai, amma yana iya zama jijiyar ji ce ta samu matsala farat ɗaya, kuma maganin wannan ya fi aiki in an fara shi cikin mako biyu na farko. Ka nemi likitan kunne yau, ka ce a auna jinka. In akwai jiri mai tsanani, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, sashen gaggawa za a kai ka.

Likita, zan iya kwana da iyafis a kunne don in danne ƙarar?

Gara ka kunna fanka ko sautin ruwan sama a waya ƙasa-ƙasa, ka ajiye ta gefe. Kada sautin ya rufe ƙarar gaba ɗaya, kuma duk abin da ya kai desibel 85, wato sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙara lalata kunnen zai yi.