Zauren Tambaya: Na Cika Takarda Fal, Amma Maki Bai Zo Ba

*Assalamu alaikum malamai. Ina ajin ƙarshe na sakandare a Zariya. A gwajin da aka yi mana kafin WAEC, an tambaye mu dalilan da suka haddasa jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Na rubuta shafi uku, tun daga haihuwar Shehu har zuwa rasuwarsa, amma maki 5 na samu cikin 15. Ina na kuskure?*

Wa alaikumus salam ɗanmu. Dalili aka tambaye ka, kai kuma ka ba da labari. Wannan ita ce cutar da ta fi kayar da ɗalibai masu ƙoƙari a darasin tarihi, domin wanda ya yi karatu sosai shi ne ke jin ba zai iya barin komai a ciki ba. Mai duba takarda yana da jerin hujjojin da yake nema a gabansa. Idanunsa na tafiya kan rubutunka yana neman su ɗaya bayan ɗaya. Haihuwar Shehu a Maratta a 1754 gaskiya ce, rasuwarsa a Sakkwato a 1817 ma gaskiya ce, amma babu wadda ta haddasa jihadi a cikinsu, don haka alƙalaminsa zai wuce su bai tsaya ba.

Kafin ka rubuta harafi ɗaya, ja layi ƙarƙashin abu uku a tambayar: abin da aka ce ka yi (lissafawa, bayyanawa, kwatantawa ko tattaunawa), batun da ake magana a kai, da iyakar lokaci ko wuri. Tambayar taka ta tsaya a 1804. Duk abin da ya biyo bayan hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun shekarar, kamar yaƙin Tabkin Kwatto ko faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, ya shiga babin yadda jihadin ya gudana, ba dalilinsa ba.

Daga nan sai ka tsara hujja biyar a gefen takarda, kalma biyu-biyu, ka ba kowace sakin layinta. Dubi bambancin waɗannan. Wani ya rubuta: "Sarakunan Gobir sun takura wa Musulmi." Ya faɗi gaskiya, amma ya bar maganar tsirara. Wani kuma ya rubuta: "Takurawar sarakunan Gobir ta tura jama'ar Shehu ga ɗaukar makami. Sarki Nafata ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu shi kaɗai, ya hana maza naɗa rawani da mata yin lulluɓi, ya ce wanda bai gaji Musulunci daga iyayensa ba ya koma inda ya fito. Da Yunfa ya hau sarautar Gobir, sai aka kai hari kan mutanen Abdussalami, almajirin Shehu, a Gimbana. Wannan ya nuna wa jama'a cewa zama a ƙasar Gobir bai yiwuwa, shi ya sa suka yi hijira suka kuma shirya kare kansu." Jimlar farko ta faɗi hujjar, na tsakiya sun kawo shaida da sunaye, ta ƙarshe ta ɗaure maganar da tambayar. Jimlar ƙarshen nan ita ɗalibai suka fi mantawa, alhali ita ce ke mai da labari ya zama amsa.

Haka za ka yi wa jangali da sauran haraji masu nauyi da suka ishi makiyaya da talakawa, da gauraya Musulunci da tsafi a fada, da bautar da Musulmi, da yawan almajiran da wa'azin Shehu ya tara. Gabatarwa kada ta wuce layi uku.

Sai lokaci. Idan tambaya huɗu za ka amsa cikin awa biyu, ba karanta takardar minti 5, kowace tambaya minti 25, ragowar minti 15 na duba kurakurai ne. Shafi ukun da ka zuba wa tambaya ɗaya, daga lokacin tambaya ta huɗu ka ciro shi. Amsa huɗu matsakaita sun fi uku masu kyau da ɗaya da ba a taɓa ba.

*Malamai, makarantarmu a Kano tana ba mu tambayoyin da ake kawo yankin wani tsohon rubutu a ce mu yi sharhi. An kawo mana jawabin Lugard a Sakkwato aka ce mu faɗi ko abin dogaro ne. Na ce ba abin dogaro ba ne saboda Bature ɗan mulkin mallaka ne ya yi shi. Malaminmu ya rubuta mini "bai isa ba". Ni ɗaliba ce, ina neman haske.*

Malaminki ya yi daidai, 'yarmu. Babu madogarar tarihi da ba ta da ɓangare. In son kai ne ke zubar da shaida, da ba a bar mana ko takarda ɗaya ba. Tambayar da za ki yi wa kanki ita ce: abin dogaro ne a kan me?

Fara da abin da aka rubuta da ƙananan haruffa a sama ko ƙasan rubutun, wanda yawancin ɗalibai ke tsallakewa. Wa ya yi maganar, yaushe, ga wa, kuma me yake so ya samu? Lugard ya yi jawabin a watan Maris na 1903, kwanaki kaɗan bayan sojojinsa sun ci Sakkwato, a gaban Waziri da manyan da suka rage a gari. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne, Fulani sun sami ikon mulki da karɓar haraji da naɗa sarakuna da tuɓe su ta hanyar cin yaƙi, yanzu an ci su, ikon ya koma hannun Turawan Ingila. Ya kuma yi alƙawarin ba za a taɓa addini ba.

To, in ana neman yadda Turawa suka halatta wa kansu mulki da irin sharuɗɗan da suka gindaya wa sarakuna, da wuya a sami shaidar da ta fi wannan, tunda daga bakin mai abin ta fito. In kuwa ana neman ko mutanen ƙasar sun yarda, jawabin ba zai gaya miki ba. Wanda ya ci yaƙi ne ke magana, masu saurare ba su da zarafin musu, rubutun da ya iso mana kuma ta hannun Turawa ya biyo. Nan ne za ki shigo da abin da kika sani daga waje: a lokacin da ake jawabin, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fice ya nufi gabas, jama'a da yawa suna bin sa, ba a kuma gama da shi ba sai a Burmi a watan Yuli na 1903. Bayan shekara uku, a 1906, aka yi tawayen Satiru. Kin ga kin auna rubutun da abin da ya faru, ba da ra'ayinki game da mai shi ba.

Kada ki kwafe rubutun kaf ki ce kin amsa. Tsinko 'yan kalmomi uku ko huɗu, ki sa su cikin alamar zance, ki faɗi abin da suke nunawa.

Wani lokaci rubutu biyu masu saɓani ake kawowa, kamar wasiƙun da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Borno da Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, suka yi musaya kan halaccin jihadin. Al-Kanemi na cewa mutanen Borno Musulmi ne, saɓo kuma ba ya fitar da mutum daga addini. Bello na cewa Borno ta taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu. Kada ki yi sharhin na farko ki gama sannan ki kama na biyu. Ɗauki batu guda, ki faɗi inda suka haɗu da inda suka rabu, sannan ki faɗi abin da ya sa suka rabu. In kika ƙara da cewa wasiƙun al-Kanemin da aka fi sani a cikin littafin Infaƙul Maisuri na Bello suke, wato ta hannun abokin jayayyarsa suka iso mana, mai duba takarda zai gyara zama.

*Ni matsalata shekaru. Da na shiga ɗakin jarrabawa sai su cakuɗe mini. Ɗalibi daga Gusau.*

Ba a buƙatar ka haddace ɗari. Kowane babi ka riƙe uku ko huɗu da sauran abubuwa ke rataye a jikinsu: 1804, 1903, 1914 da aka haɗe Kudu da Arewa, 1960, 1967 zuwa 1970 na yaƙin basasa. Inda ka yi shakka, rubuta "a farkon ƙarni na 19" ko "a zamanin Muhammadu Rumfa". Wannan ba ya rage maka komai, shekarar da ba daidai ba kuwa tana sa a yi shakkar sauran sakin layin. Ka dai kula da tarkon ƙarni: 1804 ƙarni na 19 ne, ba na 18 ba, mulkin Rumfa a Kano daga 1463 zuwa 1499 kuma ƙarni na 15 ne. Ɗauki lambobi biyun farko na shekarar ka ƙara ɗaya.