Dashen na'urar ji bayan sanƙarau: a yi yanzu ko a jira?

Tambaya: Likita, ɗiyata mai shekara biyu ta yi sanƙarau wata biyu da suka wuce. Ta warke, amma ta daina ji, har 'yan kalmomin da ta fara faɗa sun ɗauke. An yi gwaji, an ce sai an dasa mata na'urar ji a cikin kunne. Surukaina sun ce a dakata ta girma, wataƙila jin ya dawo. Ni kuma fargabata ita ce a yi mata tiyata, a kashe dukiya, ta ƙare ba ta iya sakewa cikin yara. Wata uwa daga Gusau.

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, Hajiya. Yaran da aka yi wa dashen da wuri, aka kuma dage da horon magana, da yawansu suna magana, suna zuwa makarantar kowa da kowa, suna wasansu. Sai dai jin na'ura ba ya kai na halitta tsabta, don haka a Islamiyya, inda yara ke ɗaga murya lokaci guda, za ta sha wahala idan ba a zaunar da ita kusa da malami ba. Za a riƙa cire ɓangaren na'urar da ake maƙalawa a waje lokacin barci da wanka, ga cajin batir kullum, ga tsare ta daga gumi da ƙurar hunturu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shawarar jira, domin ita nake ji kullum a ɗakin duba marasa lafiya, kuma ita ke janyo wa yara asarar da ba ta gyaruwa. Sanƙarau yana barin kumburi a cikin katantanwar kunne, wato wata siririyar kafa mai murɗewa kamar katantanwa da ke can cikin kunne, kumburin kuma yakan rikiɗe ya zama ƙashi, wani lokaci cikin makonni kaɗan. Ta wannan ƙaramar kafa ce likita zai zura siririyar wayar na'urar, kuma idan ƙashi ya toshe ta, sai dai a zura rabi, ko aikin ya gagara. Ban da wannan, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai koyon magana ya fi karɓar sauti a shekaru ukun farko, shi ya sa a 2020 Amurka ta amince a yi dashen tun jariri yana wata tara. Kurumta mai tsanani bayan sanƙarau ba kasafai take warwarewa da kanta ba.

A wannan jiran ne masu magani a bakin kasuwa ke samun ciniki. Ana kawo mana yara kunnuwansu cike da man shanu, ko ruwan albasa, ko zuma, har ƙofar kunnen ta yi ja tana zubar da ruwa, alhali ɓarnar tana can bayan dodon kunne, inda ɗigon ba ya kaiwa. Wanda ya karɓi kuɗin iyaye a kan haka, yana cinye wa yaro watannin da ba za su dawo ba, ya ji tsoron Allah. Addu'a kuwa ba ta taɓa hana zuwa asibiti ba, a haɗa su tare.

Ki nemi a yi mata hoton cikin kunne na CT da MRI cikin wannan makon, don a ga ko ƙashi ya fara toshe kafar, ko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko ta hannun Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma ki tafi da mahaifinta da wani babba daga danginsa su ji bayanin da kunnensu. A tabbatar an yi mata rigakafin nimoniya kafin tiyata. Ki tambayi kuɗin batir da wayoyin canji da zuwa saitin na'urar, domin hidimar ba ta ƙarewa a ranar tiyata. Tun yau kuma ku fara maganar hannu da ita a gida, don ba ta hana yaro koyon maganar baki, kuma da ita za ta gaya miki inda ke mata ciwo a daren da na'urar ke kan caji.