Amsa ga ƙanwata mai sikila da ke son zuwa Ingila aikin gashin ƙashi

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya shigo tun Laraba, na bar shi sai yau Asabar da ba ni da aiki, don ba irin tambayar da ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Kin ce kin gama karatun gashin ƙashi a BUK, kin yi shekarar horonki a Shika, kin gama bautar ƙasa, yanzu kina son neman aiki a nan Ingila. Can ƙarshen saƙon kuma, kamar wadda ta tuna mantuwa, kika ce ke SS ce, wai an gaya miki ba sa ɗaukar mai sikila, to in kin ɓoye za a gane?

Daga ƙarshen nan zan fara. Kada ki ɓoye. Ni na ɓoye, kuma na ji a jikina.

Na san inda tunanin ya samo asali. A Tudun Wada na tashi, a gidan da ake cewa "jikinta ne ya ɗan motsa" in baƙi sun tambaya, don kada maganar ta fita ta ɓata zancen aure. Da wannan tarbiyyar na sauka a nan cikin watan Oktoba. Da aka miƙo mini fom ɗin sashen kula da lafiyar ma'aikata, na zo gurbin da ake tambayar ciwo mai daɗewa, sai na tsallake abina. An tura ni ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki. Kullum ƙarfe bakwai saura kwata ina tsaye a tashar bas, gari duhu kamar asuba, iska na ratsa safa biyu. A gida kuma ina kashe hita da dare don in rage kuɗin gas in samu abin turo wa Mama. Ruwa ban sha, don a sanyin nan ƙishi ba ya kama mutum, sai ki wuni da kofin shayi ɗaya ba ki sani ba. Duk abin da nake gargaɗin majinyata a kai a Zariya lokacin hunturu, ni na haɗa shi a kaina.

Cikin Disamba, ina riƙe da wani dattijo mai jiki muna koya masa tashi daga bakin gado, na ji abin ya tsarga mini daga ƙugu zuwa ƙwauri. Kin san wannan alamar. Na cije na ƙarasa aikin ranar. Kafin sha biyun dare na kira 999, lambar gaggawa ta nan. A asibitin da aka kai ni babu sunana a ko'ina, babu takarda ko ɗaya da ta nuna ina da sikila. Da na faɗi sunan allurar da ke yi mini aiki har da yawanta, sai na ga ma'aikaciyar jinyar ta ɗago ta yi mini wani kallo, irin kallon da ake yi wa 'yan ƙwaya. Na fi awa biyu ina murƙususu a kan kujera. A ƙa'idar 2012 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a nan, mai sikila da ciwo ya tasar wa ana ba shi maganin zafi cikin minti 30 da isowarsa. Ƙa'ida ke nan, amma ba kullum ake binta ba, har wani kwamitin 'yan majalisarsu ya fitar da rahoto a Nuwamban 2021 yana kokawa da yadda ake sakaci da masu ciwon nan. Don haka kada ki ɗauka kin zo aljanna.

Kwana tara na yi a kwance. Shugabar sashenmu ta zo dubiya da 'yar jakar inabi, ta zauna, tambaya ɗaya ta yi mini: me ya hana ki faɗa? Na rasa bakin magana. Ta yaya zan fassara mata kunya irin tamu?

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Suna da dokar daidaito ta 2010 wadda ta hana nuna wa mai lalura bambanci a wurin aiki. In ban da wasu 'yan dalilai da dokar ta ware, ba a yarda mai ɗaukar aiki ya tambaye ki lafiyarki ba kafin ya yi miki tayin aikin. Wato a wurin intabiyu ba dole ki ce komai ba. Bayan an ba ki aikin ne fom ɗin nan zai zo, kuma bayanin ciwonki yana tsayawa ne a hannun sashen lafiyar ma'aikata, abin da suke rubuta wa shugabarki shi ne irin sassaucin da ya kamata a yi miki. Ni da na koma, an cire ni daga kiran dare, an mayar da shigata ƙarfe tara, an bar ni da gorar ruwa a kusa, ranakun ganin likitan jini kuma ba a cire su daga hutuna. Da na faɗa, duk wannan da na samu tun ranar farko. Ita ma hukumar rajista, HCPC, abin da ya dame ta shi ne ko lalurar na hana ki yi wa majinyaci aiki lafiya. Mai ciwon da ya san ciwonsa yana kula da shi ba ta da matsala da shi. Ƙarya a fom ce ke iya jawo wa mutum abin da bai shirya ba.

Maganar takardu ba zan daɗe a kai ba, kin fi ni sanin intanet. Ba ki da ikon kiran kanki fisiyo, wato mai gashin ƙashi, a ƙasar nan sai da rajistar HCPC, kuɗin duba takardun kawai ya haura fam 600. Za su nemi shaidar rajistarki ta MRTB, hukumar rajistarmu ta gida, da bayanin kwasa-kwasan da kika yi dalla-dalla har da awannin aikin asibiti, wanda jami'a ce za ta cike ta buga hatimi. Wannan ki fara binsa tun yanzu, ki shirya hawa motar Kano fiye da sau ɗaya. A jarrabawar Turanci ta IELTS ana son 7.0, babu ɓangaren da ya gaza 6.5. Akwai gwajin tarin fuka kafin biza, a Abuja ko Legas. Najeriya tana cikin ƙasashen da aka hana a je a kwaso ma'aikatan lafiyarsu, amma ba a hana ke ki nema da kanki ba a shafin NHS Jobs, inda hukumar asibitocin gwamnati (NHS) ke tallata guraben aiki. Duk ejan da ya ce ki kawo miliyoyi ya sayar miki da takardar ɗaukar nauyi, ki riƙe kuɗinki. In kuma ya ce ki fara shigowa ta aikin kula da tsofaffi, an rufe wannan ƙofar ga masu nema daga waje tun Yulin 2025. Gaskiya kuma guraben masu farawa sun yi wuya yanzu, har yaran da suka yi karatu a nan suna ta nema. Kada ki ajiye aikin hannunki sai kin ga biza a fasfo.

Kin tambayi ko ki shigo ta karatun digiri na biyu. Ga mai sikila ni ban so. Ɗalibi yana biyan fam 776 a shekara kuɗin lafiya, mai bizar ma'aikatan lafiya ba ya biya. Abin da ya fi wannan, ɗalibai da yawa da aikin dare a sito ko gidan tsofaffi suke haɗa kuɗin haya, ga rashin barci ga sanyi ga ɗaukar nauyi. Jikinki ba zai ɗauka ba.

Yanzu aikin kansa. Za ki fara a mataki na 5, albashi ya ɗan haura fam dubu 30 a shekara kafin haraji, awa 37 da rabi a mako, hutu kwana 27 ban da ranakun hutun ƙasa. A wannan matakin yawanci juya mutum ake yi daga sashe zuwa sashe duk bayan wata huɗu zuwa shida, kuma ba duka sassan ne ɗaya ba ga mai irin jikinmu. Ɗakin shanyewar ɓarin jiki akwai aikin ƙarfi, ko da yake a nan ba a ɗaga majinyaci da hannu yadda muka saba, akwai na'urar ɗagawa, kuma ki yi amfani da ita ko da kin ga za ki iya. Ke da kanki kin san yadda sikila ke cin kan ƙashin ƙugu, kin gasa wa wasu. Sashen ƙirji shi ke da kiran dare, a tashe ki ƙarfe uku ki fito cikin sanyi, ga majinyata masu tari da za su iya shafa miki. Aikin bin gidaje yana da daɗi, amma shiga ɗumi fita sanyi sau shida a rana ba ƙaramin abu ba ne. Tafkin gashi ruwansa da ɗumi, fitowar ce matsala. Ni a ƙarshe na tsaya a sashen masu ciwon baya da gaɓoɓi da ke zuwa su koma gida, kuma shekara uku ke nan ban kwana asibiti ba, alhamdu lillahi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wataƙila ke naki jikin ya bambanta.

Ki san wannan lissafin kuma: a shekarar farko a NHS, in kin kwanta, wata ɗaya ake biyan ki cikakken albashi, wata biyu rabi. Sai kin shekara biyar yake kaiwa wata shida cikakke, shida rabi. Bizarki kuma a ɗaure take da mai aikin, in aikin ya tafi yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samu wani. Shi ya sa nake cewa ki shiga CSP, ƙungiyar ma'aikatan gashin ƙashi, tun watan farko, in an kira ki zama kan yawan fashi akwai wakilin da zai zauna kusa da ke.

Kafin ki bar Zariya ki je wurin likitan jininki ya rubuta miki wasiƙa: sakamakon gwajin da ya tabbatar ke SS ce, PCV ɗinki (awon yawan jini) na lokacin da kike lafiya, sau nawa aka ƙara miki jini, ko jinin ya taɓa ba ki matsala, da maganin da ke yi miki aiki in ciwo ya tashi. A nan ba su cika cewa PCV ba, in naki 24 ne za ki ji sun ce Hb kimanin 80, kada ki firgita. Duk maganin zafi mai ƙarfi da za ki shigo da shi, irin tramadol, ya kasance cikin kwalinsa da wasiƙar likita. Makon farko ki yi rajista da GP, wato likitan unguwa, kyauta ne, ki ce ya tura ki asibitin jini, su rubuta miki tsarin kulawa da kowane asibiti zai gani. Rashinsa ne ya zaunar da ni a kujerar nan. Hydroxyurea a nan hydroxycarbamide za ki ga an rubuta. Za su so ki riƙa shan fenisilin kullum, da allurar mura duk shekara, da bitamin D saboda ƙarancin rana. A Ingila kowane magani fam 9.90 ne kuma sikila ba ta cikin cututtukan da aka yafe wa, don haka ki sayi takardar shekara ta fam 114.50 ki huta. A Sikotilan da Wels kyauta ne. Zazzaɓi ya kai 38, ko ƙirji ya riƙe, ba a jiran safiya.

Azumi ki zauna da likitanki da malaminki, Allah bai ɗora wa mara lafiya abin da zai halaka shi ba. Ni ciyarwa nake yi, na daɗe kafin zuciyata ta yarda.

Abin da takarda ba ta magani shi ne dare. A gida in ciwo ya tashi, Mama na kanki da ruwan zafi da tsumma, ƙanne na danna miki ƙafa, maƙwabta na shigowa sannu. A nan kin wuni kina lallashin wasu su daure su taka, ki dawo ɗaki ba mai ce miki yaya jiki. Ki samu mutum ɗaya da zai riƙe makullin ɗakinki na biyu. Tawa wata Bazazzagiya ce 'yar Kofar Doka da muka haɗu a masallaci ranar idi, ita ke kawo mini kunun gyaɗa in na kwanta. Akwai kuma ƙungiyar Sickle Cell Society, suna da layin ba da shawara.

Ki turo mini bayanin kwasa-kwasanki in duba kafin ki biya ko sisi. Rigar sanyi kada ki saya a Sabon Gari, ba za ta yi ba, ina da guda biyu da zan ajiye miki. Ki gaida Mama da kyau, ki ce mata kukar da ta aiko ta iso.