Tambayoyinku Kan Waya da Kwamfuta: Ƙarfen da Ke "Gano" Ciwon Ƙoda Cikin Minti Ɗaya

Tambaya: Wayata tana yawan ɗaukar zafi. Na sauke manhajar sanyaya waya mai hoton fanka, amma ban ga canji ba. (Wani mai karatu daga Gusau)

Amsa: Malam, ka taɓa jin iskar fankar da aka zana a bango? Goge manhajar nan, ita kanta aiki take ƙara wa wayar. Cire mata riga in kana caji, ka daina kallon bidiyo tana jone da wuta, sannan ka riƙa kashe ta kana kunnawa sau ɗaya a mako, kamar yadda na sha faɗa a nan.

Tambaya: Wasu sun zo unguwarmu da kwamfutar tafi-da-gidanka da wani ɗan akwati. Mutum ya riƙe wani ƙarfe na minti ɗaya, sai sakamakon hanta da ƙoda da sukari da ƙashi ya fito a allo. Sun ce ƙodata ta fara taɓuwa, in sayi maganinsu na naira dubu arba'in. Na'urar ta gaskiya ce? (Wata Hajiya daga Zariya)

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Kada ki ba su ko kwabo. Wasiƙarki ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, don haka sai kin yi haƙuri da ni yau.

Ƙarfen da aka damƙa a tafin hannu ba shi da hanyar sanin halin da ƙodarki take ciki. A asibiti jini ake ɗiba a auna wani sinadari da ƙoda ke tacewa, a kuma duba fitsari ko akwai furotin a ciki. Sukari ma sai an huda yatsa. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da ko agogo ɗaya ko zobe ɗaya da ke iƙirarin auna sukari ba tare da huda fata ba. Abin da manyan kamfanonin duniya suka zuba dukiya suna nema har yau, shi ne za a kawo miki ƙofar gida a jakar goyo? Ki tuna kuma, kafin ki riƙe ƙarfen sai da suka tambayi shekarunki da tsayinki da nauyinki. Wanda ya san mace ta haura hamsin ba ya bukatar na'ura kafin ya ce tana ciwon gwiwa.

Wannan sana'a tsohuwa ce, kuma ta ci waɗanda suka fi mu kuɗi da karatu. Wani Bature ɗan Ingila, James McCormick, ya sayar wa gwamnatoci wata na'ura mai suna ADE 651, wai tana gano bam daga nesa. Mariƙin roba ne da eriya mai lilo, ko batir babu. Asalinta wani abin wasa ne na neman ƙwallon golf da ya ɓata a ciyawa, wanda bai kai dala 20 ba, shi kuwa ya riƙa sayar da guda har dala 40,000. Ana zura mata wani kati wai shi ke faɗa mata abin da za ta nema. Da BBC ta sa masana suka fasa katin a 2010, sai aka tarar irin ɗan maƙalen nan ne da kantuna ke liƙa wa kaya don kama ɓarawo. Eriyar tana juyawa ne saboda ɗan motsin hannun mai riƙe da ita, wanda shi kansa bai san yana yi ba. Iraƙi ta sayi dubbai ta raba a shingayen bincike, kuma Nijar na cikin ƙasashen da ya sayar wa. Kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 10 a 2013, amma sojoji suka ci gaba da kaɗa ta a titunan Bagadaza. Sai da wata mota maƙare da bam ta tashi a unguwar Karrada cikin azumin 2016, mutum fiye da 300 suka mutu, sannan firaminista Haider al-Abadi ya ba da umarnin a janye ta. Abin da ke ci mini rai ke nan: sojan da ke riƙe da ita ya yarda ya bincika motar, sai ya ɗaga hannu ta wuce. Haka wanda ƙarfen nan ya ce wa lafiyarsa ƙalau zai koma gida da hawan jininsa, ya fasa zuwa asibiti.

Wadda ta fi kama da naku ita ce Elizabeth Holmes ta kamfanin Theranos a Amurka. Ta ce injinta zai yi gwaji sama da 200 da ɗigon jini daga yatsa. Attajirai da tsofaffin ministoci suka bi ta, darajar kamfanin ta kai dala biliyan 9. A 2015 jaridar Wall Street Journal ta tona cewa yawancin gwaje-gwajen da injinan wasu kamfanoni ake yinsu a ɓoye. A 2022 aka yanke mata ɗaurin fiye da shekara 11. Ita ko banza tana ɗibar jini. Naku ko wannan wahalar ba su sha ba.

Kada kuma ki ji kunya don kin tsorata. A 1912 aka gabatar da wani ƙoƙon kai da aka ce an tono a Piltdown ta Ingila, wai na wani tsohon jinsin mutum ne, manyan masana suka karɓa. Sai 1953 aka gano ƙoƙon mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin biri, aka goge haƙoran da magagari, aka shafa masa launi don ya yi kamar ya tsufa. Gwaji ne ya tona shi, kuma gwaji nake so ki yi. In sun dawo, ki sake riƙe ƙarfen, amma a rubuta wani suna da shekaru 25. Ko ki naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma ki ce a danna. In tsumma ma ya fito da ciwon hanta, ki tara matan unguwa su gani. Zancen ƙodar kuma, tunda an saka miki shi a rai, je asibiti a yi miki gwajin jini da fitsari ki huta.

Tambaya: Na sayi filas mai 2TB a kan naira dubu biyar, amma hotunan da na zuba ba sa buɗuwa. (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

Amsa: Ɗan'uwa, araha ba ta ado. An sauya bayanin da ke cikin filas ɗin ne don ya faɗa wa kwamfuta girman da ba shi da shi, in ainihin wurin ya cika sai sauran su zube. Gwada shi da manhajar kwamfuta mai suna H2testw ka ga gaskiyar girmansa. Hotunan da suka haura wannan girman sun tafi, kada ka goge na kan wayarka.

Tambaya: An turo mana a WhatsApp cewa akwai lambar da in ka ɗaga kiranta jini zai fito maka ta hanci ka mutu. (Wani mai shago daga Kumasi)

Amsa: Alhaji, wannan jita-jitar ta girmi WhatsApp ɗin. Ta zaga Najeriya tun 2004, ta dawo a 2011 har hukumar sadarwa ta ƙasa ta fito ta ƙaryata. Kira murya kawai yake ɗaukowa. Wanda za ka ji wa tsoro shi ne mai cewa daga banki yake, ka karanto masa lambobin da aka turo maka yanzu. Shi ka katse, kuma kada ka tura wancan saƙon na WhatsApp gaba.