Kwaskwarima ko garambawul? Tambayoyinku kan babur mai ƙafa huɗu

Tambaya: Malam, wannan babur mai taya huɗu da ake keta rairayi da taɓo da shi, meye sunansa da Hausa?

Babur mai ƙafa huɗu, shi ke nan. Ba mota ba ce, tunda wara ƙafa ake a hau shi kuma kan babur gare shi ba sitiyari ba. Masu ƙafa uku ne ma suka riga fitowa, Honda ta kawo nata a 1970, sai Suzuki ta zo da mai huɗu a 1982.

Tambaya: An faɗaɗa min silinda an sa babban fistin, abokina ya ce na yi wa injin kwaskwarima. Daidai ne?

A'a ɗan'uwa, ba daidai ba ne, kuma wallahi yadda ake wulaƙanta wannan kalma yana damuna, yanzu komai aka taɓa sai ka ji an ce kwaskwarima, doka kwaskwarima, inji kwaskwarima, har abin da aka kwance gaba ɗaya aka sake ɗaurawa. Kwaskwarima aikin sama-sama ce, fenti, sabuwar rigar kujera, goge tsatsa, abin da ido ke gani. In abu ya lalace aka maido da shi yadda yake, gyara ne. In aka sauke inji aka warware shi aka canja duk abin da ya cinye, garambawul ne. Kai kuwa naka ba ko ɗaya ba ne a cikin ukun, lafiyayyen inji ka samu ka ƙara masa ƙarfi, to haka za ka ce, an ƙara wa inji ƙarfi.

Kuma ba ƙaramin aiki ba ne da za a raina shi da wannan suna. Silinda ta faɗaɗa, iskar da take zuƙa ta ƙaru, dole a saita kafireto ya riƙa ba da mai daidai da ita, in ba haka ba iska ta rinjayi mai, inji ya yi ta ɗaukar zafi, ka kwance fulogi ka ga bakinsa fari fat maimakon ruwan ƙasa, wata rana kana tsakiyar hawa fistin ya ƙone. Kuloci ma sai an duba, don na asali yakan fara zamewa in ƙarfi ya fi shi. Sannan mutane na cakuɗa gudu da ja, alhali Hausa ta raba su tuntuni. A cikin taɓo da hawan tudu ja ake nema, wato ƙarfin da inji ke bayarwa tun yana juyawa a hankali, kuma sau da yawa abin da aka sa don ƙara gudu shi ke rage wannan jan.

Tambaya: Me ake nufi da "ba girin-girin ba, ta yi mai"?

Ba hayaniya da ɗoki ake dubawa ba, sakamako ake jira. Ya dace da masu fasa salansa su ce babur ya ƙara ƙarfi. Ƙara ce ta ƙaru, ja kuwa yakan ragu in ba a sake saita mai ba.

Tambaya: "Ƙarfin doki" Hausa ce?

Fassara ce daga Turanci amma ta zauna, a yi amfani da ita. Ma'aunin ƙarfin inji ne, injiniya James Watt ne ya yaɗa shi, doki ɗaya kusan wat 746 ne.

Tambaya: "Garin neman gira an rasa ido" ko "garin gyaran gira"?

Duka biyun ana faɗa. Ni dai "neman" na fi so.